Silimar ƴan leƙen asiri: yaƙin takarda da hatimi

Yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi suke ce wa yaƙin Hitila, ya ƙare tun 1945, amma masu yin silima ba su gama da shi ba har gobe. A cikin finafinan da aka yi a kansa akwai wani iri da ya ƙi tsufa, watau na ƴan leƙen asiri, magewayan da ake turawa ƙasar abokan gaba da sunan aro da takardun ƙarya. Yawancinsu ba su da launi, fari da baƙi ne kawai. Ƴan wasan da suka fito a ciki kusan duk sun kwanta dama. Gidajen silima marasa rufi na Yamai da Maraɗi da Damagaram, waɗanda kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, suke kawo wa finafinai a da, mafi yawansu an rufe su. Duk da haka, wanda ya ci karo da ɗaya daga cikin waɗannan tsofaffin finafinai a talabijin ko a cikin salula, da wuya ya tashi bai ga ƙarshe ba, ko da Faransancinsa bai taka kara ya karya ba.

In aka tambayi samari dalili, za su ce harbi ne da dambe da tseren motoci. Akwai masu wannan kam. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne « Quand les aigles attaquent » na 1968, inda Richard Burton da Clint Eastwood suka haura wata fada bisa tsauni cikin ƙanƙara, suka yi ta zubar da sojojin Jamus kamar masu girbin gero, harsashi bai kayar da ko ɗayansu ba. Wannan wasan yara ne, babu tsohon sojan da zai gan shi bai yi dariya ba. Amma ko a cikinsa, in mai kallo ya lura da kyau, abin da aka je nema ƴan ƙananan littattafan aljihu ne, waɗanda aka yi wa maciya amana dabara suka rubuta sunayen ƴan'uwansu a ciki da hannunsu. Duk wutar da aka buɗe, don ƴan sunayen nan su isa Landan aka buɗe ta.

To, nan gizo ke saƙa. Abin da ke riƙe mai kallo a silimar leƙen asiri ta ƙwarai takarda ce, da tambayoyin da ke biye da ita: wa ya rubuta ta, wa ya gan ta, wa zai yarda da ita.

Alfred Hitchcock, Baturen Ingila da ya ƙware a wannan sana'a, ya taɓa bayyana dabararsa ga ɗan silimar Faransa François Truffaut. Misalin da ya kawo na mutum biyu ne suna hira a tebur, da bam a ƙarƙashinsa. In mai kallo bai san da bam ɗin ba, zai zabura sa'ad da ya fashe, shi ke nan. In kuwa an nuna masa shi tun farko, an kuma nuna masa agogo, to hirar banza ma ta zama abin da ba ya iya ɗauke ido daga kanta. Duk wanda kakarsa ta yi wa tatsuniya ya san wannan tun yana yaro. Yara sun san abin da Gizo ya ƙulla, Kura ba ta sani ba, daɗin tatsuniyar kuwa yana cikin jiran sa'ar da za ta faɗa. Hakanan silimar leƙen asiri take mai da mai kallo abokin sirri. Ya san abin da jami'in Jamus mai duba takarda bai sani ba, don haka zuciyarsa take dukan uku-uku tare da mai takardar.

Hitchcock ya nuna wannan a « Les Enchaînés » na 1946. Ingrid Bergman ta fito a matsayin ƴar wani mai bin Hitila, aka sa ta auri abokin ubanta a birnin Riyo na Birazil domin ta gano abin da ragowar ƴan Nazi suke shiryawa a can. Abin da ke tafiyar da labarin wani ɗan makulli ne na ɗakin ajiyar giya. Ta zare shi daga cikin makullan mijinta, ta dunƙule shi a hannu ana tsakiyar biki, ga baƙi suna ta sha, kwalabe suna ƙarewa ɗaya-ɗaya, mai kallo kuwa ya san da zarar sun ƙare tilas maigida ya nemi makullinsa. Abin da aka ɓoye cikin wasu kwalabe a ɗakin kuwa ƙasar uraniyom ce, irin wadda aka fara haƙa a Arlit a 1971.

Fim ɗin da ya fi kowane shahara, « Casablanca » na 1942, rabinsa soyayya ce, amma ginshiƙinsa takardu biyu ne na izinin wucewa, waɗanda aka kashe masu ɗauke da su, aka ɓoye su cikin akwatin kiɗa na wani gidan shaƙatawa. Ƴan gudun hijira daga Turai sun cika birnin Kazablanka, kowa yana son ya kai Lisbon, daga can ya wuce Amurka. Mata suna sayar da kayan adonsu a wulaƙance, maza suna caca, duk don a sami takarda mai hatimi. Irin waɗannan takardu da ba wanda ke da ikon soke su ba a taɓa yin su ba, marubutan labarin ne suka ƙaga. Ba a kuma ɗauki fim ɗin a Maroko ba, a Holiwud aka gina birnin da katako. Jama'a sun yarda da labarin domin tsoron da ke cikinsa na gaskiya ne, tsoron mutum ya tsaya gaban tebur, wani mai kaki yana jujjuya takardarsa, shi kuwa ransa yana hannun mai jujjuyawar.

Mutanen Nijar ba sai an fassara musu wannan tsoro ba. Waɗanda suka ga mulkin mallaka sun san abin da takardar lanho da ta izinin tafiya suke nufi a gaban kwamandan. Kuma hukumar da ke mulkin Kazablanka a cikin fim ɗin, ta Mareshal Peten mai zama a Vishi, ita ce ta mulki Nijar daga 1940 har watan Nuwamba na 1942, ta hannun gwamna janar Boisson da ke Dakar. Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar Digol tun watan Agusta na 1940, Nijeriya kuwa tana hannun Ingila. Watau a shekarun nan, hanyar Maraɗi zuwa Katsina da ta Damagaram zuwa Kano suna ƙetare iyakar Turawa biyu masu gaba da juna, kowane yana sa ido a kan ɗan'uwansa. Sa'ad da a ƙarshen fim ɗin shugaban ƴan sandan Faransa ya jefa kwalbar ruwan Vishi cikin kwandon shara, ya kawo zancen Barazabil, cibiyar masu bin Digol, siyasar da yake yi ta shafi wannan ƙasa ƙwarai.

Akwai finafinai biyu da ya kamata a kalle su a jere, musamman ma'aikatan biro. Dukansu daga abin da ya faru da gaske a 1943 aka ɗauko su, kuma kamar tafi da bayan hannu suke.

Na farko shi ne « L'Affaire Cicéron » na 1952, wanda Joseph Mankiewicz ya shirya, James Mason ya fito a ciki. A lokacin Turkiyya ba ta shiga yaƙin ba, saboda haka jakadan Ingila da na Jamus suna zaune birni ɗaya, Ankara. Jakadan Ingila, Sir Hughe Knatchbull-Hugessen, yana da boyi mai suna Elyesa Bazna, ɗan ƙabilar Albaniya, wanda yake haɗa masa ruwan wanka, yake shirya masa tufafi. Jakadan yana da wata ɗabi'a da ƙa'idar aiki ta hana: yakan kwaso takardun sirri daga biro ya kawo su gida domin ya karanta. Boyin ya ɗauki siffar makullan akwatin, aka ƙera masa irinsu, ya riƙa fitar da takardu yana ɗaukar hotonsu yana mayarwa, maigida yana wanka ko yana barci. Daga watan Oktoba na 1943 zuwa farkon 1944 ya yi ta sayar wa ofishin jakadancin Jamus hotunan. Suka laƙaba masa suna Siseron, suka biya shi wajen fam dubu 300 na Ingila. A cikin takardun akwai labarin tarurrukan da shugabannin ƙasashen ƙawance suka yi a Alƙahira da Teheran, har da sunan ɓoye na shirin saukar da sojoji a Faransa.

Abin mamaki a nan shi ne mai kallo yana bayan boyin, ko da ya san ɓarawo ne maci amana. Dalili kuwa a fili yake. Jakadan bai taɓa ganinsa ba. Yana gabansa safe da maraice, yana miƙa masa riga, amma a idon babban mutum bara da kujera duk ɗaya ne. Raina kama ka ga gayya. Wanda duk ya taɓa zama ƙaramin ma'aikaci, ɗan aike ko mai shara ko direba, ya san irin zancen da manya suke yi a gabansa kamar ba ya wurin, ya kuma san yawan abin da kunnensa ya kwasa. Shi ya sa in James Mason ya sunkuya ya ce to ranka ya daɗe, da hotunan a aljihunsa, ƴan kallo suke murmushi.

Sai dai ba a banza aka ce ramin mugunta a gina shi gajere. Manyan Barlin suka ga takardun sun cika kyau, suka shiga gardama ko tarkon Ingila ne. Ministan harkokin waje da hukumar leƙen asiri kowa yana kishin ɗan'uwansa, har lokaci ya wuce ba su ci amfanin abin da suka saya yadda ya kamata ba. Kuɗin da suka biya boyin kuwa mafi yawansu jabu ne, waɗanda aka tilasta wa fursunoni bugawa a sansanin Sachsenhausen. A fim an nuna shi a Riyo yana watsa takardun kuɗin cikin iska yana ƙyalƙyala dariya. A duniya ba haka ta ƙare ba. Ya bi gwamnatin Jamus ta Yamma wai ta biya shi haƙƙinsa, abin bai kai shi ko'ina ba, ya ƙare yana gadin dare a birnin Munik, a can ya mutu a 1970.

Na biyu shi ne « L'Homme qui n'a jamais existé » na 1956, watau mutumin da ba a taɓa yi ba. A farkon 1943 yaƙin arewacin Afirka ya kusa ƙarewa, kuma duk mai duba taswira ya san tsibirin Sisiliya ne mataki na gaba. Ana so Hitila ya ɗauka Girka da Sardiniya za a faɗa wa. Sai wasu jami'an Ingila biyu, Ewen Montagu da Charles Cholmondeley, suka sami wata gawa, suka sa mata kakin babban hafsa, suka raɗa mata suna William Martin, suka ɗaura mata jaka da sarƙa, da wasiƙun manyan janar-janar a ciki. Jirgin ƙarƙashin ruwa ya sake ta kusa da garin Huelva na Ispaniya ran 30 ga Afirilu 1943, igiyar ruwa ta tura ta wajen gaɓa, wani masunci ya tsince ta. An zaɓi wurin ne domin an san akwai ɗan rahoton Jamus mai ƙwazo a garin, kuma hukumar Janar Franko tana ɗasawa da Jamus ko da ba ta cikin yaƙin.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne wurin ƙera mutumin. Wasiƙun janar kowa yana iya ƙirƙira su, tarkacen aljihu ne suka sa aka yarda. An sa masa hoton budurwa da wasiƙunta biyu na soyayya, da takardar sayen zoben alkawari, da wasiƙar banki mai tuna masa bashi, da wasiƙar uba mai yawan faɗa, da guntayen tikitin gidan wasa na Landan. Katin shaidarsa ma an nuna sabo ne, a madadin wanda ya ɓatar, domin a ga mutum ne mai ɗan sakaci, irin wanda kowa ya sani a wurin aiki. Mai kallo yana zaune ana harhaɗa ɗan Adam a gabansa da takarda kaɗai, har ya fara jin tausayin wanda ba a taɓa haihuwa ba. Ispaniyawa suka zare wasiƙun da dabara, Jamusawa suka ɗauki hotonsu, aka mayar wa Ingila da jakar kamar ba a taɓa ba. Hitila ya hau ya zauna. Aka kwashi runduna guda ta tankokin yaƙi daga Faransa aka kai ta Girka, ran 10 ga Yuli kuwa sojojin ƙawance suka sauka a Sisiliya.

Ga shi nan, cikin shekara ɗaya, hukuma ɗaya ta yarda da takardar ƙarya, ta yi shakkar ta gaskiya. Kuma ba jahilai ba ne. A cikinsu akwai masu ilimi mai zurfi, masu jin harsuna, ƙwararru wajen gane jabu, tun da su kansu masu buga shi ne. Abin da ya kayar da su shi ne takardar Huelva ta faɗi abin da Hitila yake tsoro tun dā, watau hari ta wajen ƙasashen Balkan, inda man fetur ɗin Rumaniya yake. Ta Ankara kuwa ta faɗi abin da ba wanda yake son ya kai masa, cewa abokan gaba sun haɗa kai, sun kuma fi ƙarfi. Kowace takarda an auna ta ne da son zuciyar mai karantawa.

Wannan ya shafi masu karatun wannan shafi. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci yana girmama rubutu, kuma ya dace ya girmama, domin ya sha wuya kafin ya same shi, da furfura a ka, bayan aikin gona. Amma girmamawar takan zarce ta zama imani. Da an ce a rubuce yake, ga hatimi, ga sa hannu, sai magana ta ƙare. A yau da ake yaɗa sanarwar ƙarya a WhatsApp da Facebook, da tambarin ma'aikata da sunan minista a ƙasa, aikin da ya ci wa Montagu watanni yaro yana gama shi da salula kafin shayi ya tafasa. Malamin yaƙi da jahilci da zai nuna wa ɗalibansa fim ɗin Huelva, ya tsai da shi a tsakiya, ya tambaye su in da su ne ta yaya za su gane, ya ba su darasin da da wuya a same shi cikin littafin koyon baƙaƙe. Amsar ma ba ta da nisa: a tambaya ta wace hanya takardar ta zo, wa zai ci riba in an yarda da ita, kuma me ya sa ta zo daidai da abin da ake son ji.

Ma'aikacin hukuma kuwa, nasa fim ɗin na Ankara ne. Jakadan nan ba a saye shi ba, bai ci amanar ƙasarsa ba. Mutum ne mai son ya ƙarasa aikinsa a gida, irin wanda a kan yaba wa. Dosiye nawa ne suke kwana a kujerar bayan mota, ko bisa tebur a ɗakin baƙi, ko a ɗauki hotonsu a aika wa abokin aiki ta salula wai don a yi sauri? Ba sai sirrin soja ne yake da mai saye ba. Jerin waɗanda za a ɗauka aiki, da farashin da ɗan kwangila ya bayar kafin a buɗe ambulan, da tambayoyin jarrabawa, da takardar filin marayu, kowannensu akwai wanda zai biya don ya gan shi kwana ɗaya kafin sauran jama'a.

Duk da haka kada a ɗauki finafinan nan kamar littafin tarihi. Su ma takardu ne da aka shirya domin a yarda da su. Tsofaffin duka ba a bari an saka babban sirrin yaƙin a cikinsu ba. Sai a 1974 Ingila ta bari aka faɗa cewa tun 1940 ana warware zaurancen wayar iska na sojojin Jamus a wani gida da ake kira Bletchley Park, inda a farkon 1945 mutum kusan 9000 suke aiki, kashi uku cikin huɗu mata, suna zaune dare da rana da fensir da na'ura. Ta nan ne ma Landan ta tabbata cewa Jamus ta yarda da ƙaryar Huelva. Amma ba wanda zai sayi tikiti domin ya ga magatakarda yana cika takarda, saboda haka silima ta ɗauki aikin dubban mutane ta ɗora wa kyakkyawan namiji ɗaya mai malafa.

Sa'an nan takan rage tsadar abin. Daga cikin waɗanda sashe guda na hukumar ɓoye ta Ingila ya tura Faransa, mutum 104 ba su dawo ba, maza 91 da mata 13, an rubuta sunayensu a wurin tunawa da ke garin Valençay. A cikinsu akwai Noor Inayat Khan, ƴar wani malamin sufaye mutumin Indiya, wadda ta yi aikin wayar iska a Paris a 1943. An kama ta a watan Oktoba na shekarar. Ba ta tona kowa ba wajen tambaya, amma an sami littafin da take kwafe saƙonninta a ciki, da shi Jamusawa suka riƙa aika wa Landan saƙo da sunanta, har aka turo wasu suka faɗa hannu. An harbe ta a Dachau a watan Satumba na 1944, tana da shekara 30.

Fim ɗin da bai rage komai ba shi ne « L'Armée des ombres » na 1969, watau rundunar inuwa, wanda Jean-Pierre Melville ya shirya, shi kansa kuwa ya yi gwagwarmayar ɓoye a zamanin da Jamus ta mamaye Faransa. Mai neman a fasa gada ko a kifar da jirgin ƙasa ya nemi wani fim. A nan mutane ne cikin rigunan sanyi, suna jira, suna sauya suna, suna gudun inuwarsu. An kai wani saurayi da ya tona asiri wani gida domin a kashe shi, sai aka tarar maƙwabta za su ji ƙarar bindiga, aka nemi wuƙa aka rasa, aka shaƙe shi da tsumma, masu yin aikin ba wanda ya taɓa kisa irin wannan, kowa jikinsa ya mutu. Simone Signoret ta fito a matsayin Mathilde, wadda ta fi su duka jarunta da dabara. An gargaɗe ta kada ta riƙa yawo da hoton ƴarta, ta kasa rabuwa da shi. Da aka kama ta, hoton nan ya zama igiyar da aka ja ta da ita, kuma abokanta, har da wanda ta ceci ransa, su ne suka harbe ta a kan titi. Sa'ad da fim ɗin ya fito, wasu masu sharhi a Faransa sun yi watsi da shi wai yabon Digol ne, ba a kuma nuna shi a gidajen silimar Amurka ba sai 2006. Shi ne ya fi su duka, domin wanda ya gan shi ba zai fito yana sha'awar zama ɗan leƙen asiri ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da Moustapha Alassane ya nuna, tun 1966, cikin « Le Retour d'un aventurier », yadda samari suke sa hula da bindigar kaboyi su addabi ƙauyensu saboda abin da suka gani a allo.

Akwai kuma waɗanda ba a saka a ciki ba sam. Labarin « Casablanca » a ƙasar Afirka yake, amma mutanen Maroko a cikinsa ƴan tireda ne da masu wucewa a bayan fage, baƙar fata ɗaya da aka ba suna kuwa makaɗi ne. Alhali rundunar Leclerc da ta tashi daga Cadi ta ci Kufra a watan Maris na 1941 mafi yawanta ƴan Afirka ne. Addi Bâ, sojan Faransa mutumin Gine, Jamusawa sun kama shi a 1940, ya tsere, ya taimaka wajen kafa sansanin ƴan gwagwarmaya na farko a duwatsun Vosges. Aka sake kama shi, aka gana masa azaba bai buɗe baki ba, aka harbe shi a Epinal ran 18 ga Disamba 1943. Duk abin da silimar leƙen asiri take so yana cikin labarinsa, amma sai a 2017 aka yi fim a kansa, « Nos patriotes », shekara 74 bayan mutuwarsa.

Ba baƙar fata kaɗai ake sharewa ba, talakan Turai ma haka. Fim ɗin 1956 ya nuna wani uba yana ba da gawar ɗansa da yardarsa, don ƙasa, bisa alkawarin za a yi mata sutura ta mutunci. Sai a 1996 wani mai bincike ya tono gaskiyar cikin takardun gwamnatin Ingila. Gawar ta Glyndwr Michael ce, wani talaka daga yankin Wales, mara gida mara aiki, wanda ya mutu a Landan a watan Janairu na 1943 bayan ya ci maganin ɓera, yana da shekara 34. Uwa da uba sun riga shi, ba a nemi izinin kowa ba. An binne shi a maƙabartar Huelva da girmamawar soja, da sunan aro a kan dutsen kabarinsa. Bayan an gano shi ne aka ƙara nasa sunan a ƙasan dutsen, ƙarƙashin na hafsan da ba a taɓa yi ba.